Kafin Ki Haɗa Jaka, Nuna Mini Takardar

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 19, 'yar ƙwallon ƙafa ce ni mai buga gaba, wannan ce kakar wasata ta biyu a babbar gasar mata ta ƙasarmu, ina kuma aji biyu a jami'a. Wata uku ke nan ƙungiyarmu ba ta biya mu albashi ba. Makon jiya wani mutum ya yi mini magana ta WhatsApp, ya ce shi wakilin 'yan wasa ne, ya ga bidiyona, kuma akwai ƙungiya a Turai da ke son gwada ni. Ya ce in turo kuɗin biza, tikiti da rajistar gwaji, abin da ya kai albashina na wata takwas, in kuma sa masa hannu a yarjejeniyar shekara biyar. Sati biyu ya ba ni, in ba haka ba zai ba wata. Sunan ƙungiyar ma ya ce sai na biya zai faɗa. Mama ta ce za ta ciyo bashi. Baba ya ce ba inda za ni sai na gama karatu, yanzu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Akwai kuma gwiwata ta hagu da ke ƙwace mini in na juya da gudu, wata biyu ke nan, ban faɗa wa kowa ba don kada a ajiye ni a benci. Ina tsoron in bar damar nan ta wuce in yi da-na-sani. Anti, in tafi ko in zauna?

'Yar wasa mai neman mafita

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata.

Tunda an ce sati biyu gare ki, ni ma ba zan tsaya kewaye-kewaye ba. Kada ki tura wa mutumin nan ko anini, kada ki sa hannu a takardarsa, kuma yau ɗin nan ki riƙe hannun Mama kafin ta taka zuwa inda za ta ciyo bashin. Ƙafarki na yarda da ita; yarinyar da ta samu gurbi a babbar gasar ƙasarta tun tana 18 ba kanwar lasa ba ce. Mutumin ne ban yarda da shi ba, zan kuma warware miki dalili, don in gobe wani ya zo da irin wannan romon bakan ki gane shi ba sai kin rubuto mini ba.

A harkar ƙwallo, kuɗi gangarowa suke yi daga ƙungiya zuwa ga 'yar wasa. Ranar da kika ga sun juya suna hawa tudu, daga aljihunki zuwa na wani, to akwai lauje cikin naɗi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta tsara yadda ake gwaji a cikin dokokinta na musayar 'yan wasa. Ƙungiyar da za ta gwada 'yar wasa daga wata ƙasa sai ta cike fom na musamman, su biyun su sa hannu, a rubuta wa zai biya tikiti, wa zai biya masauki, sannan ƙungiyar ta shigar da fom ɗin a rumbun FIFA na intanet da ake kira TMS, aƙalla kwana 10 kafin a fara. Mai shekarunki, wato 21 zuwa ƙasa, ba a riƙe ta a gwaji fiye da sati 8 a kaka ɗaya, in kuma ta ji rauni a lokacin, jinyarta na wuyan ƙungiyar. Dokar ta hana a nemi kuɗi ko a karɓa da sunan gwaji, saboda haka abin da ya kira kuɗin rajista babu shi a ko'ina sai a bakinsa. Ga kuma sharaɗin da ya shafe ki kai tsaye: mai kwantiragi ba ta zuwa gwaji wata ƙungiya sai da rubutaccen izinin tata ƙungiyar. Ya tambaye ki ko kina da kwantiragi? Ya ce zai yi magana da shugabanninku? A wasiƙarki maganar kuɗi kawai na gani.

Sai shekara biyar ɗin nan. Tun 2023 FIFA ta dawo da tsarin lasisi ga wakilan 'yan wasa, sabon shiga sai ya zauna jarrabawa ya ci. A wannan tsari, yarjejeniya tsakanin wakili da 'yar wasa ba ta wuce shekara 2. In sun ji daɗin juna su sabunta. Wanda ya miƙo miki ta shekara biyar, ɗayan biyu ne: ko bai san dokar sana'ar da ya ce yana yi ba, ko ya sani yana fatan ke ba ki sani ba. Wakilin ƙwarai ladansa na zuwa ne bayan ciniki ya faɗa, kaso daga abin da ya samo miki, shi ya sa yake zufa a kanki, don cinsa na ɗaure da naki. Wanda ya karɓe nasa tun kafin ki hau jirgi, me zai sa ya ƙara ɗaga wayarki? Ɓoye sunan ƙungiya da gaggawar sati biyu kuwa tagwaye ne, aikinsu ɗaya: kada ki samu wanda za ki tambaya, kada ki samu lokacin tambayar.

Labarin ba sabo ba ne, ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta daɗe tana gargaɗi a kansa. Mai sa'a a cikin waɗanda aka damfara ita ce wadda aka cinye kuɗinta aka kashe waya tana gida. Marar sa'a ita ce wadda ta hau jirgin. Ta sauka da bizar ziyara wadda ba a aiki da ita, an biya mata otal na kwana uku, ba ƙungiya, ba mai tarba, bizar ta ƙare, kunyar komawa hannu rabbana ta hana ta neman taimako. Ga 'ya mace abin ya fi haka muni, domin akwai masu fakewa da ƙwallo suna safarar mutane, su karɓe fasfo su ce sai an biya su bashin tafiya ta hanyar da ba sai na faɗa ba. Ki karanta wa Mama wannan sakin layin, ta ga abin da bashin nata zai saya.

To mun gama da shi. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ma ba shi ba ne. Abu biyu kika ambata a gurguje kamar ba su da nauyi, albashin wata uku da gwiwar hagu, alhali su ne sana'ar taki. Ta nan mutumin ya samu kafa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ana biyan ki, da kuma ba kya jin a ranki cewa ƙafar nan na gab da ba ki kunya, da wannan gaggawar ba ta kama ki ba.

Da gwiwar zan fara, ita ce ba ta jira. Ni ba likita ba ce, amma gwiwar da ke ƙwacewa lokacin juyi alama ce da masu duba 'yan wasa ba sa wasa da ita. A tsakiyar gwiwa akwai jijiya mai ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri, likitoci na ce mata ACL, aikinta ta hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa in kin taka kin juya. Akwai kuma guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata da ke zaman matashi tsakanin ƙasusuwan. In ɗayansu ya samu matsala, gwiwa kan ƙwace, ko ta kumbura bayan wasa, ko ta maƙale. Duk ƙwacewar da ta yi tana iya ƙara yaga abin da bai yage ba. Kina gudun benci na sati uku, kina caca da shekara guda cur. An yi gudun gara za a faɗa gidan zago.

Mata sun fi maza fama da tsinkewar jijiyar nan, ninki biyu zuwa sama, kuma galibi ba wanda ya taɓa su: saukowa ce daga tsalle, ko birki, ko juyi. Alexia Putellas ta Barcelona, tana riƙe da kyautar Ballon d'Or ta gwarzuwar 'yar wasan duniya, tata ta tsinke a wurin atisaye a Yulin 2022, ana gobe za a buɗe gasar Turai. Arsenal ta rasa Beth Mead, Vivianne Miedema da Leah Williamson a kaka ɗaya, dukansu kofin duniya na 2023 ya wuce su. Sam Kerr ta Chelsea ta ji nata a Janairun 2024, ba ta sake buga wasa ba sai Satumbar 2025. Waɗannan fa manyan likitoci na gefensu dare da rana. Bayan tiyata, wata 9 zuwa shekara ake ɗauka kafin a dawo fili, shi ma in komai ya tafi daidai.

Mu ƙaddara ma mutumin nan na gaskiya ne. Kin sauka, kafin a kawo biro za a kwantar da ke a gado, likita ya kama ƙwaurinki ya ja, in ya ji sako-sako ya tura ki hoton MRI, mai nuna cikin gwiwa. Ƙungiyoyi na tsananta wannan bincike kafin sa hannu ne domin dokar FIFA ba ta ba su damar soke kwantiragi daga baya da hujjar gwajin lafiya ba. Abin da kika ɓoye wa kocinki wata biyu, minti goma ba zai yi ba a hannun likitansu. Saboda haka a satin nan ki faɗa wa mai kula da lafiyar 'yan wasanku, a rubuce in da hali, don ya zama shaida cewa a bakin aikinsu kika ji ciwon, ki kuma nemi ganin likitan ƙashi. Mai yiwuwa abin bai kai yadda nake tsoro ba, 'yan makonni na ƙarfafa cinya su wadatar. In kuma ya kai, gara a gyara ki kina 19 da kwantiragi a hannu, da ta tsinke miki a ƙasar da ba ki san kowa ba. In kin warke, ki lizimci tsarin ɗumama jiki da ake kira FIFA 11+, minti 20 ne kacal. An gwada shi a Norway kan 'yan mata kusan 1,900 masu shekara 13 zuwa 17, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba ya buƙatar na'ura, naci kawai yake so, shi ya sa ma 'yan wasa ke raina shi.

Yanzu albashi. Kwafin kwantiraginki yana hannunki? Ba wanda kika sa wa hannu a ofis aka mayar durowa nake nufi ba, wanda ke cikin jakarki. A wurin FIFA, ƙwararriyar 'yar wasa ita ce mai rubutaccen kwantiragi wadda ake biya fiye da abin da take kashewa a kan wasan. Wadda ba ta cika wannan ba 'yar sha'awa ce komai yawan ƙwallayenta. In ba ki da kwafi, ki nema cikin ladabi. Ki duba ranar ƙarewarsa, ranar biyan albashi, da abin da ya ce game da rauni.

Dokar FIFA ta ce in ƙungiya ta riƙe albashin wata 2 ba bisa ƙa'ida ba, 'yar wasa na iya rubuta mata takardar gargaɗi ta ba ta aƙalla kwana 15. In wa'adi ya cika ba a biya ba, tana da hujjar raba gari, ta kuma bi kuɗinta. Sai dai tunda ke da ƙungiyar 'yan ƙasa ɗaya ne, gaban hukumar ƙwallon ƙasarku maganar za ta je, da nata dokokin, don haka ki sa lauya ko ƙungiyar 'yan wasa su duba miki kafin ki motsa. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki ɗauki jaka ki ɓace. Wadda ta tsallake kwantiragi ba hujja ana iya ɗora mata diyya, a kuma dakatar da ita wata 4. Ko ba wannan, ba ƙungiyar waje da za ta yi miki rajista sai an fitar da takardar sauya sheƙa ta ƙasa da ƙasa, wadda ake kira ITC, daga hukumar ƙasarku. Shawarata, kada ki fito ke kaɗai. Ku zauna da kyaftin ɗinku, ku rubuta takarda ɗaya kowa ta sa hannu, ba zagi ba barazana. Ana iya jefa yarinya ɗaya benci don ta yi magana, ba a iya jefa ashirin. Ki adana bayanan banki da duk saƙon da aka yi muku alkawari a ciki.

Mu dawo wurin Baba. Na san yanzu gani kike shi ya tare miki hanya. A wannan karon dai, ko da dalilinsa ya bambanta da nawa, ƙin da ya yi shi ya tsare ki. Maganarsa ta karatu kuma ba ta wanda zamani ya bari a baya ba ce. Lallai ƙwallon mata ta yi tsalle: a Janairun 2025 Chelsea ta sayi Naomi Girma kan kuɗin da ya haura dala miliyan ɗaya, karo na farko a tarihin mata. Irin wannan labarin ne ke yawo a waya. Wanda ba ya yawo shi ne, a Sifaniya, ƙasar da ta ɗauki kofin duniya na 2023, sai da 'yan wasan lig suka yi yajin aiki a Satumbar shekarar kafin mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Yuro 16,000 zuwa 21,000 a shekara. Ki cire haraji da hayar ɗaki a birnin Turai, ki ga abin da ya rage. A ƙananan gasanni kuwa, da yawa ɗaki da ɗan alawus ake ba su, suna haɗawa da wani aikin. Ga sana'ar gajera, akasari ana rataye takalmi ana shekara talatin da 'yan kai, wasu rauni ya sallame su tun kafin nan.

Inda na rabu da Baba shi ne ɗaukar da ya yi cewa sai ɗaya ta mutu ɗaya za ta rayu. Michelle Alozie, wadda ta ci wa Najeriya ƙwallon da ta kai ta wasan ƙarshe a gasar Afirka da aka buga a Maroko a Yulin 2025, ta yi digiri a jami'ar Yale, ta kuma haɗa buga wa Houston Dash da aikin binciken cutar daji a asibitin yara. Nadia Nadim, wadda ta buga wa Denmark, Manchester City da PSG, ta zama cikakkiyar likita a 2022 tana tsaka da wasa. Ban ce da sauƙi ba, kuma ba kowa ke samun irin tsarin da suka samu ba. Amma ke ma ga shi kin shiga shekara ta biyu kina riƙe da duka biyun.

Ga yadda zan so ki je masa. Kada ki je da kuka, kada ki je da gardama. Ki same shi hankalinsa a kwance, ki ce, Baba na bincika, mutumin nan ba na gaskiya ba ne, na fasa. Ki bar shi ya ji daɗin wannan, ya cancanta. Bayan kwana biyu sai ki koma da buƙatarki: in wata rana ƙungiya ta gaske ta zo da takarda, kina roƙon ku zauna tare da lauya ku karanta kafin ya ce e ko a'a. Ki kuma tambayi makarantarku ƙa'idar jingine karatu na zango ko shekara, ki kawo masa amsar a rubuce. Iyaye da yawa ba ƙwallon suke ƙi ba, duhun da ke tattare da ita suke tsoro, kuma uban da aka sa a shawara daban yake da wanda aka kawo wa labari bayan an gama yankewa. Mama kuwa ki yi mata godiya ta musamman. Uwar da ta yarda ta ci bashi saboda ƙafar 'yarta ba ƙaramar dukiya ba ce, ki tsare kada a bi ta ƙaunarta a cuce ku.

Saura tsoron da ke ƙarƙashin wasiƙar gaba ɗaya, wai wannan ce damar ƙarshe. A shekara 19? Ki dubi waɗanda suka isa inda kike hange, ki ga ta inda suka bi. Tabitha Chawinga ta Malawi ta fara Turai a 2014, a wata ƙaramar ƙungiya can ƙasan gasar Suwidin. A 2017 ta fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar ƙasar, alhali ƙungiyarta Kvarnsveden ta faɗa rukuni na ƙasa a shekarar. Daga nan sai Chana, sai Inter Milan, sai PSG, sai Lyon a 2024, shekara goma bayan fitowarta. Racheal Kundananji ta Zambiya Kazakistan ta fara zuwa a 2019, sannan Eibar, sannan Madrid CFF, kafin Bay FC ta Amurka ta saye ta a 2024 kan kuɗin da ya kafa tarihi a lokacin. Asisat Oshoala a kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada aka gan ta, a 2014, ta ci ƙwallo 7 ta zama gwarzuwar gasar. Liverpool ta ɗauke ta a 2015, amma ba ta isa Barcelona ba sai 2019. Kowace a fili aka gan ta tana wasa, mataki ya haifi mataki.

Jarinki ke nan, mintocin da kike bugawa. Ki samu mai ɗaukar cikakken wasanku, minti 90, ba guntun bidiyon ƙwallaye da kiɗa a ƙasa ba. Mai neman 'yar gaba so yake ya ga me kike yi in ƙwallo ba ta ƙafarki, ko kina dawowa taimakon baya, ko numfashi na ƙare miki bayan minti 60. Ki riƙa rubuta wasanninki, ƙwallayenki da waɗanda kika bayar aka ci. Ki sa ido kan kiran tawagar ƙasa, don wasu ƙasashen, kamar Ingila, wasannin da kika buga wa ƙasarki na cikin abin da suke lissafawa kafin su ba da izinin aiki. Kada kuma ki yarda kowa ya taɓa miki shekarun haihuwa a takarda, ko da koci ne. Ƙaryar da ta shiga fasfo tana bin mutum har ya yi ritaya.

Ranar da tayin gaske ya zo, kada sunan ƙungiya ya ruɗe ki. Matsakaiciya da za ki buga wasa 20 ta fi babba da za ki ƙare kaka kina ɗumama benci. Ki nemi kwantiragin a harshen da kike ji. Albashin da aka rubuta, kafin haraji ne ko bayansa? Wa ke biyan ɗaki, inshorar lafiya da tikitin dawowa? In aka yi tiyata, wa zai biya, albashi kuma zai ci gaba? Ki ma san cewa tun Janairun 2021 dokar FIFA ta ba 'yar wasa hutun haihuwa na aƙalla sati 14 da kashi biyu cikin uku na albashinta, ba a kuma korar ta don ta samu juna biyu. Na faɗa ne don in an ce miki ƙwallo da iyali ba sa haɗuwa. Fasfonki a hannunki yake kwana, ba a ofishin kowa ba. Duk namijin da ya ce makomarki na hannunsa, wakili ne ko koci, ya kuma fi son ganin ki ke kaɗai a ɗakin otal, ki tafi da babba ko ki ƙi zuwa.

Shi kuwa mutumin naki, ba sai kin yi faɗa da shi ba. Ki tura masa saƙo gajere: ya aiko da cikakken sunansa da lambar lasisinsa, sunan ƙungiyar, da takardar gayyata daga imel ɗinta na hukuma. Ki sanar da shi za ki kai wa hukumar ƙwallon ƙasarku ta tantance, kuma daga yanzu mahaifinki da lauya ne za su yi magana da shi. In ya kawo, ki nemo lambar ƙungiyar da kanki daga shafinta, ba wadda ya ba ki ba, ki kira ki tambaya ko sun san shi. Zatona zai fusata, ya ce kin raina shi, ya ce ba ki da rabo, ko ya rage kuɗin zuwa rabi. Kada ki goge saƙonninsa. Ki ɗauki hotonsu ki nuna wa kyaftin ɗinku, don wataƙila akwai wata a cikinku da mahaifiyarta ta riga ta ciyo bashin. In likita ya duba gwiwar, ki sake rubuto mini, ina so in ji abin da ya ce.

Anti